Fiffiken Yautai

Tun da aka sallamo ni daga asibiti ban iya zama kusa da ƙuda ba. Ƙuda fa, wannan da muke kora da bayan hannu ba tare da mun ko dube shi ba. Da ya yi ɗan kuka kusa da kunnena sai jikina ya kama rawa, in nemi bango in jingina. Kumburin fuskata ya saɓe, saura tabo baƙi-baƙi a wuya da damtse kamar an watsa mini habbatus-sauda. Jiki dai ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Abin da bai yi sauƙi ba shi ne yarinyata ta ƙi ni. Ba ta wuce shekara huɗu ba, amma ta kwashe 'yan kayanta ta koma ɗakin Inna, uwar mijina. In na shigo tsakar gida ta nan, sai ta sulale ta can. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya kashewa. To a cikin wannan gajiyar ne Iya take ta faɗo mini a rai, ita da murhunta, da wata 'yar waƙa da na yi shekaru ban tuna da ita ba.

Iya kakata ce ta wajen uba. A hannunta na tashi a Janfalan, saboda ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu ana yaye ɗan fari ake miƙa shi ga kaka. Gida ɗaya muke da Umma, mahaifiyata, zana ce kawai ta raba sashenta da na Iya. Amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce, “Ku kira mini waccan.” In ta zuba mini abinci, wata ake ba ta miƙo mini. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, kowa yana yaba mata, ana cewa ai Umma akwai kara. Ni ma na sani, amma da kunne kawai na sani. Zuciyata ba ta sani ba.

Hirar da na fi tunawa ita ce ta ƙarshen damina, lokacin da masara ta nuna. Madafin Iya ɗan ɗaki ne na ƙasa, da rufin kwanon da ya sha tsatsa, in ana ruwa sai mun jera kwanuka suna tarar yoyo. Da an kwashe tuwo an yi salla, ba ta yarda a yayyafa wa wuta ruwa. Sai ta ja garwashi gefe da wani guntun ƙarfe, ta jera ɗanyar masara a kai, mu jikoki mu zagaye ta, gwiwa na gugar gwiwa. Haƙoranta sun zube tun kafin in yi wayo, ba ta iya cin gasasshiyar masara, amma ita ke juya ta da yatsu kamar wutar ba ta da zafi. “Ku ci ƙwayar, ku bar mini ƙanshin,” haka take cewa. Hayaƙi yana korar sauro yana sa mu hawaye, kwaɗi suna ta surutunsu a bayan gida, can sashen su Umma ana jin ƙarar wanke tukunya. Ita Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta ƙwanƙwasa guntun ƙarfen nan a dutsen murhu ta ce, “Ga baƙuwa ta sauka.” Mu kuma mu haɗa baki mu ce, “A shimfiɗa mata tabarma.”

Akwai wata rana da na faɗi a tsakar gida. Gudu nake yi na yi tuntuɓe, gwiwata ta fashe, jini ya zubo har idon sawu. A gaban Umma na faɗi, tana daka tare da matan baffannina. Na ɗaga kai ina kuka ina kallonta. Taɓaryarta ta tsaya a sama, ɗan tsayawa kaɗan, sannan ta kawar da kai ta ce, “Wata ta ɗauke ta mana.” Ta ci gaba da dakanta. Iya ce ta fito ta ɗauke ni, ta wanke ciwon da ruwan gishiri ina tsala ihu.

Da daddare aka zauna bakin murhu, aka miƙo mini masara na ture.

“Ƙawata, yau kuma da wa ake fushi?” in ji Iya. “Da ni, ko da masarar?”

Na ce, “Iya, Umma ba ta sona.”

Sauran yara suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya masara ɗaya, ta juya ta biyu, sannan ta ce, “Wa ya gaya miki?”

“Ni na gani.”

“Oho. Ke mai ido. To ni tsohuwa idona ya mutu, bari in ba ku labarin abin da na gani tun yana da rai.” Ta ƙwanƙwasa ƙarfenta. Aka shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, ban da ni, ni bakina a tsuke yake.

Labarin yautai ta ba mu. Dukanmu mun san yautai, tsuntsun nan mai kalar ƙasa da busasshen ganye, da yake lafewa a kan hanya da magariba. Kana kai hannu ya tashi ya sauka gaba kaɗan, ka ƙara matsawa ya ƙara matsawa. Manya sun sha ja mana kunne kada mu bi shi, zai kai mu daji ya bar mu. Amma yautai ɗin Iya uwa ce. Wai ranar da aka raba wa tsuntsaye wurin sheƙa ba ta zo da wuri ba, domin ita da rana barci take yi. Kafin ta iso, shamuwa ta kama ƙolin rimi, tsattsewa ta kama rufin zaure, kurciya ta kama reshe, ko kogon bishiya bai saura ba. Ba abin da ya rage sai ƙasa tsirara. A nan ta yi ƙwai, a nan ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu, babu kara babu ciyawa a kansu.

Ana nan sai ga muzuru ya biyo yana shinshine-shinshine. Iya ta rage murya ta ce mu duba lissafin da ke gaban yautai: in ta kwanta a kansu, ya cinye su su uku. In ta tashi sama, ya cinye biyu. Sai ta yi tsalle ta faɗa fili inda zai gan ta sosai, ta saki fiffike ɗaya ƙasa kamar ya karye, ta kama ja. A nan Iya takan saki kafaɗarta ɗaya, ta ja hannunta a ƙasan madafi, ta siranta murya ta rera:

Yautai, yautai, 'yar ƙasa,
Ɗakina ba jinka, ba ƙofa, ba bisa.
Fiffike ɗaya yana jan ƙasa,
Biyo ni, biyo ni, ga ni nan kusa.
Wanda ya bi ni ya yi nisa,
Abin da na bari yana nan a ƙasa.

Muzuru ya ga nama ya karye, ya bar shinshine ya bi ta. Ya kai sura, ta matsa. Ya sake kaiwa, ta sake matsawa. Ta ja shi cikin ƙaya, ta ja shi kan tsakuwa, tana waƙarta tana jan fiffike, har suka kai bakin rafi. Da ta ga ya yi nisan da ba zai gane hanyar komawa ba, sai ta buɗe fiffiken nan ta tashi. Amma da ta dawo, 'ya'yan suka juya mata baya. Suka ce, “Kin ga abu ya zo, kin gudu kin bar mu.” Ita kuwa ba ta ce komai ba. Ta koma gefe kaɗan ta lafe.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Ai gaskiyarsu! To me ya hana ta gaya musu?”

“Da wane bakin?” in ji Iya. “Kin taɓa ganin bakin yautai? Ga faɗi kamar ƙorya, amma ba na magana ba ne. Ƙwari yake kamawa, sai kuwa waƙa.”

Ta ce sanyi ne ya dami ƙaramin cikinsu, ya saci kallon uwar. Sai ya ga fiffiken nan gashinsa ya tuje, ga ƙaya ta cake, ga jini ya bushe. “Karayar ƙarya ce,” in ji Iya, “amma ƙurjewar gaskiya ce.” Ya rarrafa ya shiga ƙarƙashin wannan fiffiken, ba ɗayan mai lafiya ba. Daga nan ta ajiye ƙarfenta ta ce, “Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, wanda bai gaishe ta ba ya yi asara.”

Ni ban gamsu ba. Na ce ni dai yautai maƙaryaciya ce, ta yi wa muzuru ƙarya, ta bar 'ya'yanta cikin tsoro. Iya ta yi dariya har da tari, ta ce, “Ci masararki, mai bakin tsiwa. Gobe ma rana ce.” Da safe na tashi na ga an ɗaure mini gwiwa da wani sabon ƙyalle mai ruwan ganye, ba tsumman da Iya ta ɗaura jiya ba. Na tambaye ta, ta ce, “Ni ina na ga atamfa mai kyau haka?” Ban sake tambaya ba. Na sha ganin Umma da zane mai wannan zanen, gefensa a yage, amma ƙuruciya ba ta haɗa abu biyu wuri ɗaya.

Da na shiga sakandare a Makarfi, malaminmu na Hausa ya koya mana adon harshe. Wani dogon mutum ne mai haƙuri, kullum akwai alli a gefen hularsa. Ya ce in ka ce abu kaza kamar abu kaza yake, kamantawa ka yi. In ka ba tsuntsu baki ya yi magana irin ta mutane, mutuntarwa ce. In kuma ka ambaci abu ɗaya alhali wani abin ne a ranka, wannan alamtarwa ce. Ya ce kowa ya zo da wata gajeriyar waƙa daga gida a warware ta a aji. Ni na kawo ta Iya. Na tsaya gaban allo na rera ta ina jin kunya, 'yan aji suna ƙunshe dariya. Na nuna inda aka mutunta tsuntsuwar, na nuna ɗakin da ba jinka ba ƙofa, na ce ƙasa ake nufi. Ya tambaye ni, to ita yautai ɗin alamar mece ce? Ban ko yi tunani ba na ce yaudara. Na ce ai ga shi nan a fili, “biyo ni, ga ni nan kusa,” maganar mayaudari ce. Ya gyaɗa kai ya ce na yi ƙoƙari, amsar ta zauna. Har na juya zan koma wurina sai ya ce, “Amma layin ƙarshen fa? Mene ne abin da ta bari a ƙasa?” Aka buga ƙararrawa kafin in amsa, kowa ya watse. Ni ma na watsar da tambayar.

Iya ta rasu ina ajin ƙarshe. Aka yi mini aure zuwa Likoro, Allah ya ba ni 'ya mace, babanta ya sa mata Hajara, sunan Iya. Inna da sauran mutanen gida Hajjo suke ce mata. Ni kuwa, abin da na rantse ba zan yi ba shi na tsinci kaina ina yi. “Ke” nake ce mata, ko “yarinyar nan.” In ta yi abin dariya a gaban mutane sai in kawar da kai. In ta faɗi sai in jira Inna ta ɗaga ta. Inna har tsokanata take yi, ta ce, “Au, ashe 'yan boko ma suna kunyar ɗan fari?” In yi murmushi in sunkuyar da kai. Ba wanda ya sa ni dole. Harshena ne ya yi nauyi, irin nauyin da aka gada.

Ranar da abin ya faru, barka za mu je a wata unguwa bayan gonaki, ƙawata ce ta haihu. Na ɗora sabon baho na roba a ka, da sabulai a ciki, yarinyar tana riƙe da gefen hijabina. Hanyar ƙafa ce tsakanin masara, ta bi ta ƙarƙashin wata tsohuwar ɗorawa da aka rataye amyar zuma a kanta tun ban zo garin ba. Kullum ana wucewa, ba wanda yake ko ɗaga kai. Ashe ruwan damina ya ruɓar da igiyar. Mun gota kaɗan sai na ji tim a bayanmu. Na waiwaya na ga amyar a ƙasa ta dare biyu, sai kuma wani sauti da ba zan iya kwatanta shi ba, kamar ƙasar ce take gurnani. Kafin in yi salati na ji wuta a wuyana, na ji a kumatu.

Na taɓa jin baban yarinyar yana cewa zuma wanda ta riga ta harba take bi, da wanda yake motsi. Ban san ta yaya maganar ta zo mini a wannan lokacin ba. Ni an riga an harbe ni. In na ɗauke ta na gudu da ita, mu biyu za su rufe. Na zare hijabina na naɗe ta da shi tun daga kai har ƙafa, na danna ta a kwarin da ke tsakanin layukan masara, na zubar da sabulan na kife mata bahon. Na ce, “Kada ki motsa, kada ki yi kuka.” Sai ga ɗan hannunta ya fito ta ƙarƙashin bahon ya damƙe zanena. Wannan shi ne wurin da har yanzu yake hana ni barci. Na ɓamɓare yatsunta da ƙarfi, na tura hannun ciki, na tashi da gudu. Ina gudu ina ihu ina kaɗa hannuwa, kai ba ɗankwali, ni da ko zaure ban taɓa leƙawa haka ba. Suka biyo ni. Na ji su a gashina, a kunnena, a cikin rigata. Ban tsaya ba sai da na kai fadama inda wasu maza ke aikin rake, na faɗa cikin ruwa. Su ne suka kunna ciyawa suka yi hayaƙi. An ce abin da nake ta maimaitawa kafin in suma shi ne, “Baho, baho, cikin masara.”

Sun same ta yadda na bar ta. Ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba, ta jiƙe zanenta da fitsari. Ko ɗaya ba ta harbe ta ba.

Da aka kawo ta asibiti ta gan ni, idanuna sun shige cikin kumburi, leɓena kamar ba nawa ba, sai ta ƙwala ƙara ta ƙanƙame Inna. Na ɗauka tsoron fuskar ne, in ta saɓe shi ke nan. Fuskar ta saɓe, ba ta dawo ba. Da kunnena na ji tana gaya wa Inna a ɗaki, “Ta cire mini hannu. Ta gudu ta bar ni.” Inna ta yi mata bayani, babanta ya yi, amma bai shiga kunnenta ba. Hijabin nan kuwa ta hana kowa taɓawa, ko wankewa ba a yi ba, da shi take kwana. Babanta ya ce in kwantar da hankalina, yarinya ce, za ta manta. Na dube shi kawai. Ni na manta da taɓaryar Umma?

Umma ta zo dubiya daga Janfalan tun ina kwance. Ta gaisa da Inna gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da gona da ruwa, sannan ta ce da Inna, “Yaya mai jikin?” alhali ga ni nan kwance a gabanta. Ta zauna a bakin gadon ta ba ni rabin baya. Can da mutane suka ragu sai na ji yatsu a cikin gashina. Tana tsefe kitson a hankali tana zare sauran ƙarin zumar da masu jinya ba su gani ba, ɗaya bayan ɗaya, da farce. Na rufe kumburarrun idanuna, sai ga ƙyallen nan mai ruwan ganye ya dawo mini, sai ga taɓaryar da ta tsaya a sama. Na yi kuka, aka ɗauka zafin harbin ne.

Da na dawo gida Inna ta same ni ta ce, “Ke 'yar nan, ki yi mata magana da bakinki mana. Namu ba ya shiga.” Na gwada. Na tsaya a ƙofar ɗakin, yarinyar tana ciki, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Ke, zo ki karɓi kunu.” Ta juya ta fuskanci bango. Duk maganar da take cike da ƙirjina, ba ni da hanyar da zan fito da ita. Ban taɓa yi ba, ba a taɓa yi mini ba. Ashe baki yana iya yin faɗi kamar ƙorya, ya kasa faɗin abu ɗaya.

Shekaranjiya da magariba na sauke tuwo ban kashe wutar ba. An kawo ɗanyar masara daga gona, na ja garwashi gefe na jera. Na zauna na ba ƙofar Inna baya. Na san yarinyar tana daga ciki, ina jin motsinta. Na ɗauki cokali na ƙwanƙwasa a dutsen murhu, na ce, “Ga baƙuwa ta sauka.” Ba wanda ya amsa. Na amsa wa kaina, na shimfiɗa mata tabarma. Na kama ba wa wutar labari. Na raba wa tsuntsaye sheƙa, na bar yautai da ƙasa tsirara, na kawo muzuru. Da na zo wurin waƙar na saki kafaɗata yadda Iya take yi, na ja hannuna a ƙasa na rera. Muryata ba ta kai tata ba, ta tsinke a tsakiya, na haɗiye na ƙarasa.

Da na zo inda 'ya'yan suka juya baya suka ce kin gudu kin bar mu, sai na ji murya daga bakin ƙofa.

“Muguwa ce.”

Ban waiwaya ba. Na ce, “Haka su ma suka ce.”

Masara ta yi ƙara a kan garwashi, na juya ta.

“To ta dawo?”

“Ta dawo.”

“Me ya sa ba ta tafi da su ba?”

Na ce, “Ita muzurun yake bi. In ta ɗauke su, har su zai bi.”

“Ba ta ji suna tsoro ba?”

Na ce, “Ta ji. Tana gudu tana ji.”

Na ƙarasa labarin, na faɗi yadda ƙaramin ya saci kallo, ya ga gashin fiffiken ya tuje. Na naɗe wa baƙuwa tabarmarta. Ban ji takunta ba, sai dai na ga inuwa a gefena. Ta tsaya nesa kaɗan, hijabin yana jan ƙasa a hannunta. Ta daɗe tana kallon damtsena a hasken wutar. Sannan ta miƙo yatsa ɗaya ta taɓa tabon, ta janye da sauri, ta sake taɓawa.

“Nan ne ya ƙurje?”

Na ce, “Nan ne.”

“Da nan?”

“Da nan.”

Daidai nan wani ƙwaro ya biyo hasken wuta ya wuce ta gefen kunnena da kukansa. Na zabura, cokalin ya faɗi, jikina ya ɗauki rawar nan da na kasa hanawa. Na so in ɓoye mata, ban iya ba. Ta dube ni. Sai ta ware hijabin da hannuwanta biyu, ta yi ɗage, ta yafa mini shi a ka, ya rufe mini har fuska. Yana warin ƙasa da fitsari da barcinta. Ta ce, “Kada ki motsa. Ina nan.”

Ban motsa ba.

A ɗakin Inna ta kwana ranar, jiya ma haka. Amma masarar da na gasa ta ci, a jingine da gwiwata, kuma yau da safe ta zo ta tsaya a bakin ƙofata ta ce in sake yi mata waƙar tsuntsun. Ban warke ba. Har yanzu ba na iya bin hanyar ɗorawar nan, har yanzu ina farkawa ina jin yatsunta a zanena. Ban kuma ce kunyar da muka gada daidai ce duka ba. Ta sa ni kuka ina ƙarama, ta kusa raba ni da 'yata. Amma yanzu na san abin da Iya take yi a wannan daren da na ƙi cin masara. Ba za ta iya cewa “uwarki tana sonki” ba, a gaban jikoki, da Umma tana jin mu ta bayan zana. Sai ta ɗauko tsuntsuwa ta ɗora mata kayan. A aji an koya mana cewa wannan ado ne, kamar harshe ya ci ya ƙoshi ya nemi kwalliya. Ni dai a gidanmu ba ado ba ne. Ita ce kaɗai ƙofar da maganar take iya fita.

Ina so in sake ganin malamin nan mai alli a hula, in amsa masa tambayar da ƙararrawa ta katse. Yanzu na san abin da yautai ta bari a ƙasa. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi Janfalan, ba ta hanyar gonaki ba, mota zan shiga. Ba na jin zan iya ce wa Umma komai, ita ma ba za ta ce ba. Zan dai kai mata atamfa mai ruwan ganye in ajiye a bakin gadonta. Hajjo ta ce za ta bi ni.